Daga Agyaragu zuwa ɗakin tiyata: Yadda ake cire ƙarin da ke tsirowa a bangon ƙirji

Garin Agyaragu, wanda ke kan babbar hanyar Lafiya zuwa Makurdi a Jihar Nasarawa, ya yi suna da doya. Tun daga tayar da kunya a gona har zuwa loda ƙwarya bayan ƙwarya a manyan motocin da ke zuwa kasuwarsa, kusan kowane mataki na wannan sana'a da ƙarfin ƙirji da kafaɗa ake yin sa. Saboda haka idan manomi ko ɗan dako ya ji ciwo a awaza, ko hannun wata mai sayar da doya ya ci karo da ɗan ƙullutu a tsakanin haƙarƙarinta yayin wanka, bayanin da ya fi kusa da baki shi ne gajiya ce ko targaɗe. A shafa man zafi, a haɗiyi ƙwayar kemis, a koma bakin aiki.

Sau da yawa wannan bayani gaskiya ne, ciwon kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma akwai ƙullutun da ba ya bajewa, wata ya zo ya wuce yana nan, har ma yana ƙara girma. A irin wannan lokaci ne waya kan buga a Abuja, a hannun ɗa ko ƙane ko 'yar'uwa da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ko ke hidima a ofishin wani ɗan majalisa. Shi ne za a ce ya turo kuɗin magani, kuma galibi shi ne zai yanke shawarar inda za a fara zuwa. Inda aka kashe kuɗin farko kuwa yana da tasiri mai girma a kan yadda jinyar za ta ƙare.

Cikin abubuwan da kan iya fitowa a matsayin irin wannan ƙullutu akwai wani ƙari da ba safai ake ganin sa ba, wanda likitoci ke kira leyomiyoma na bangon ƙirji. Ba kansa ba ne, kuma tiyata tana raba mutum da shi. Sai dai babu likitan da zai iya rantsuwa cewa shi ne ta hanyar taɓawa da hannu ko duba hoto kaɗai.

Tsoka iri uku

Jikin ɗan'adam yana da tsoka iri uku. Akwai wadda ke manne da ƙashi, wadda mutum ke sarrafawa da ganin damarsa idan zai ɗaga hannu ko ya taka ƙafa. Akwai tsokar zuciya, wadda ba ta da ta biyu. Sai kuma tsoka mai santsi, wadda ke aiki ba tare da neman izinin mai ita ba: ita ce ke tura abinci a hanji, ita ce ke matse mafitsara, ita ce ke naƙuda a mahaifa, ita ce kuma ke zagaye da jijiyoyin jini tana tsuke su tana sakin su.

Sunan leyomiyoma daga harshen Girka ya fito, inda aka haɗa kalmomin da ke nufin santsi da tsoka da ƙari. Bajamushen likita Rudolf Virchow ne ya fara bayyana irinsa a fata a shekarar 1854. A yau kusan kowane gida a Najeriya ya san wannan ƙari, ko da bai san sunan ba, domin shi ne ƙarin mahaifa da ake kira faibiroid. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata kan samu ƙarin mahaifa kafin su cika shekara 50.

Abin da ya zama ruwan dare a mahaifa, a bangon ƙirji baƙo ne. Bangon ƙirji ya ƙunshi haƙarƙari 24, goma sha biyu a kowane gefe, da ƙashin tsakiyar ƙirji, da guringuntsi, da tsokar da ke tsakanin haƙarƙari, da wani siririn tantani da ya lulluɓe shi ta ciki. Tsokar da ke wurin irin ta farko ce, mai manne da ƙashi. Tsoka mai santsi ba ta da yawa a nan, sai 'yar wadda ke jikin jijiyoyin jinin da ke bi ta ƙarƙashin kowane haƙarƙari, kuma daga nan ne masana ke kyautata zaton ƙarin yake tsirowa. Shi ya sa adadin waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya bai wuce 'yan gomomi ba, mafi yawansu mata manya. Likitan tiyata zai iya yin ritaya bai taɓa cin karo da ko ɗaya ba.

Ƙarin yana girma a hankali. Wani yakan tura kai waje har a ji shi da hannu, wani kuma yakan girma ta ciki, ya nufi wajen huhu, ba a san da shi ba sai ranar da aka ɗauki hoton ƙirji saboda wani dalili dabam, kamar gwajin lafiya na ɗaukar aiki. Idan ya yi girma yakan kawo ciwon awaza ko tari ko haki, saboda danne huhu da jijiyoyin da ke kusa.

Masu kama da juna

Dalilin da ya sa likitoci ba sa wasa da ƙullutun ƙirji shi ne yawan cututtukan da ke shigar burtu da kama ɗaya. Littattafan tiyatar ƙirji sun nuna cewa kusan rabin ƙarin da ke tsirowa daga bangon ƙirji kansa ne, wasu ma sun kai adadin sama da haka. A cikin manya, kansar guringuntsi ce ta fi yawa a cikin waɗanda ke farawa daga ƙashi. A cikin yara da matasa akwai kansar da ake kira da sunan likitan Amurka James Ewing. Akwai kuma wadda ta taso daga wani wuri, kamar nono ko huhu ko ƙoda, ta zo ta sauka a haƙarƙari.

A ɓangaren da ba na kansa ba akwai dunƙulen kitse, wanda shi ya fi yawa kuma yana da laushi, da tsiron ƙashi ko guringuntsi, da ƙarin jijiyar saƙo. Leyomiyoma kansa yana da ɗan'uwa mugu mai suna leyomiyosakoma, kansar tsoka mai santsi, wadda a hoto za ta iya yin kama da shi ƙwarai.

A ƙasa irin Najeriya, wadda ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, akwai wani abin da dole a fara kawarwa. Ƙwayar cutar tarin fuka tana iya cin haƙarƙari ko tantanin huhu, ta tara mugunya a ƙarƙashin fata, ta fito kamar ƙari. Kumburin ba ya zafi, ba ya ja, shi ya sa likitoci ke kiran sa maruru mai sanyi. Tushen maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne na aƙalla watanni shida, waɗanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, ko da an buƙaci a zuƙe mugunyar.

Ga mata kuma akwai tambayar da likita zai yi wadda za ta iya zama kamar ba ta da alaƙa da ƙirji: an taɓa yi miki aikin ƙarin mahaifa? A 1939 wani likita a Amurka, Paul Steiner, ya bayyana wani yanayi mai ban mamaki inda ƙwayoyin ƙarin mahaifa ke bin jini su sauka a huhu, alhali ba kansa ba ne. Yakan bayyana shekaru da dama bayan aikin mahaifa. Idan haka ne, jinyar tana iya haɗawa da magungunan da ke rage sinadaran jikin mace masu ciyar da ƙarin. Don haka duk wata tsohuwar takardar asibiti da ke ƙasan akwati tana da amfani ranar ganin likita.

Aska da ƙaho

Wanzami yana da daraja a garuruwa da ƙauyuka, kuma shi ne na kusa idan maruru ya nuna yana bukatar sakiya. Ƙullutun ƙirji kuwa ya wuce hurumin askarsa. Tsakanin fatar mutum siriri da tantanin huhunsa tazarar ba ta wuce 'yan santimita ba. Huhu yana buɗewa ne saboda babu iska tsakaninsa da bangon ƙirji. Da zarar tsini ya huda tantanin nan iska ta shiga, huhun yakan saki ya lanƙwashe, numfashi ya gagara. Jijiyar jinin da ke ƙarƙashin haƙarƙari kuma idan aka yanke ta, jinin zai iya zuba ta ciki inda ido ba ya gani.

Haɗari na biyu ya shafi ƙaramin asibiti ma. Idan aka tsaga ƙarin aka cire rabi, aka bar rabi, kuma daga baya ya tabbata kansa ne, an riga an watsa ƙwayoyinsa a cikin naman da ke kewaye. Likitan da zai yi aiki na biyu dole ya yanke wuri mafi faɗi fiye da yadda da farko zai yanka. Masana tiyatar ƙari suna yawan nanata cewa aikin farko shi ne damar da ta fi kowace kyau.

Bincike daki-daki

Matakin farko yana da araha: likita ya saurari tarihin ciwon, ya duba ƙullutun da nono da hammata da wuya, sannan a ɗauki hoton ƙirji na eksire. Idan akwai tari ko rama ko zufar dare, a gwada majina da na'urar GeneXpert don neman tarin fuka. Hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna ko ruwa ne a ciki ko nama.

Idan nama ne mai tauri, sai a wuce ga hoton CT tare da allurar rini. Shi ne taswirar likitan tiyata: yana nuna girman ƙarin, da ko ya ci ƙashi, da ko ya manne da huhu, da ko akwai wasu a wani wuri. Hoton MRI yana ƙara haske idan ƙarin yana kusa da ƙashin baya ko manyan jijiyoyi.

Daga nan sai batun ɗebo ɗan nama don gwaji. Idan ƙarin ƙarami ne, likita yakan cire shi gaba ɗaya tare da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa, aikin ya zama gwaji da magani a lokaci guda. Idan babba ne, akan sa wata allura mai kauri a yanko ɗan siririn yanki, ana kallon hanyarta a sikanin ko CT. Ya fi kyau likitan da zai yi babban aikin ya zama shi ya zaɓi inda allurar za ta bi, domin daga baya zai yanke hanyar tata tare da ƙarin.

Kafin ranar tiyata akan auna ƙarfin huhu da wata na'ura da ake hura wa iska, a duba zuciya da yawan jini da sukari, a tanadi jini. Mai shan taba za a ce ya daina aƙalla makonni huɗu kafin aikin.

Cikin ɗakin tiyata

Manufar aikin ɗaya ce: a fitar da ƙarin cikakke, ba tare da an fasa shi ba. Likitan sa barci yakan zura wata roba mai baki biyu a maƙogwaro, wadda ke ba shi damar sace iskar huhun da ke ɓangaren aikin, ɗayan ya ci gaba da numfashi. Hakan ne ke ba likitan tiyata fili a cikin ƙirji.

Hanyoyin shiga biyu ne. Ta farko ita ce ta kyamara. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Hans Christian Jacobaeus, ya leƙa cikin ƙirjin mai rai da madubi a 1910, amma sai a farkon shekarun 1990 ne aka haɗa dabarar da kyamarar bidiyo ta zama hanyar tiyata sosai. Akan huda ƙananan ƙofofi, daga ɗaya zuwa uku, a tsakanin haƙarƙari, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo. Ta dace da ƙarin da bai cika girma ba, wanda ya tsiro ta ciki kuma bai kama ƙashi ba. Ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, zaman asibiti ma ya fi gajarta.

Ta biyu ita ce buɗe ƙirji, inda ake tsaga gefen ƙirji a bi ta tsakanin haƙarƙari biyu a buɗa su. Ita ake bi idan ƙarin babba ne, ko ya manne, ko kuma asibitin ba shi da kayan kyamara. Tsohuwar hanya ce amma tabbatacciya, kuma babu dalilin da zai sa iyali su ɗauka an yi wa majinyacinsu aiki na ƙasa don an bi ta.

A ƙarshen aikin akan bar wata roba a cikin ƙirji, bakinta na waje yana nutse a cikin ruwa a wata kwalba da ke ƙasan gado. Tana fitar da iska da jini, ruwan kuma yana hana iska komawa. Masu jinya su kiyaye: ba a ɗaga kwalbar nan sama da ƙirjin majinyaci, ba a kuma zubar da ruwanta sai ma'aikacin jinya. Akan cire robar bayan 'yan kwanaki, idan hoto ya nuna huhu ya buɗe.

Idan sai an yanke haƙarƙari

Wani lokaci ƙarin yakan riƙe haƙarƙari, ko kuma gwajin allura ya kasa kawar da shakkar kansa. A nan likita zai yanke ƙarin tare da ɓangaren haƙarƙarin da abin ya shafa a dunƙule guda. Ga ƙarin da ba kansa ba ɗan gefe kaɗan ya wadatar. Ga muguwar kansa kuwa littattafai da dama sun ba da shawarar a bar tazarar da ta kai santimita 4 ta kowane gefe.

Yanke ƙashi yana barin giɓi, kuma giɓin yana da nasa haɗari. Idan ya yi faɗi, wurin yakan lotsa ciki duk lokacin da mutum ya ja numfashi, ya kumburo idan ya saki, wato akasin yadda sauran ƙirjin ke yi. Wannan yana raunana numfashi da tari. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce giɓin da ya haura santimita 5 a gaba ko gefen ƙirji yana bukatar a cike shi. Wanda ke baya, ƙarƙashin allon kafaɗa, yakan iya kaiwa santimita 10 ba a cike ba, domin allon ya rufe shi.

Abin da aka fi cikewa da shi wata raga ce ta roba, irin wadda ake sa wa masu ƙaba, a ɗinke ta a jikin haƙarƙarin da suka rage har ta yi tauri kamar fatar ganga. Idan ana son ƙarin ƙarfi akan zuba simintin ƙashi a tsakanin raga biyu, ko a sa sandunan ƙarfen taitaniyam. Daga nan a jawo lafiyayyar tsoka daga baya ko daga gaban ƙirji, tare da jijiyar da ke ba ta jini, a lulluɓe wurin. A nan ne likitan gyaran fata da tsoka ke shigowa. Waɗannan kaya suna da tsada, don haka ya kamata iyali su tambaya tun kafin ranar aiki ko za a bukace su, da kuma wanda zai samo su.

Hukuncin ɗakin gwaji

Abin da aka ciro ba shara ba ne. Dole a sa shi nan take a cikin ruwan fomalin, a rubuta suna, a kai wa likitan nazarin nama. A nan ne iyalai da yawa ke yin tuntuɓe: an kashe kuɗi mai yawa, majinyaci ya farfaɗo, sai a ga kamar kuɗin gwajin nama asara ce, ko a karɓi abin a leda a binne. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin tiyata amma bai san cutar da aka yi wa tiyatar ba.

Likitan nazarin nama yakan daskarar da yankin a cikin kakin zuma na musamman, ya yanka shi siriri, ya rina, ya duba a na'urar maikuroskof. A leyomiyoma zai ga dogayen ƙwayoyin halitta masu kama da mazari, jere a dami-dami, kamanninsu ɗaya. Abubuwa uku yake nema don ya bambanta shi da kansa: ko ƙwayoyin suna yawan rabuwa, ko siffarsu ta lalace, ko akwai wuraren da naman ya mutu. Don tabbatar da cewa tsoka mai santsi ce, akan yi wani rini na musamman da ke kama sinadaran da ake kira aktin da desmin. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan rini ba, amma ana iya aika dunƙulen kakin zuwa wanda ke yi, kuma iyali suna da damar neman a ba su shi don jin ra'ayin likita na biyu.

Rahoton zai kuma faɗi ko gefen abin da aka yanko tsaf yake. Idan leyomiyoma ne kuma an cire shi duka, ba a bukatar gashi ko allurar kansa, dawowarsa kuma abu ne mai wuya. Duk da haka, saboda ƙarancin waɗanda aka taɓa bibiya, likitoci kan nemi majinyaci ya riƙa dawowa ana ɗaukar hoto lokaci-lokaci na tsawon shekaru.

Hanya da ƙwararru

Daga Agyaragu zuwa Lafiya tafiya ce gajeriya, kuma a can Asibitin Ƙwararru na Ɗalhatu Araf yake, wanda aka mayar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Nan ne ya dace a fara, a ga likitan tiyata, a yi gwaje-gwajen farko, a karɓi takardar turawa idan aikin na ƙwararren ƙirji ne. A kan hanyar Abuja, bayan Nasarawa Eggon da Akwanga, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Mayar da hanyar Keffi zuwa Makurdi tagwaye ya rage wahalar wannan tafiya.

Tiyatar ƙirji da zuciya ta daɗe a Najeriya. A ranar 1 ga Fabrairun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar da ke aiki a Ingila. Amma har yau ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne, kuma suna tattare a manyan asibitoci. Ga mutumin Nasarawa, mafi kusa su ne Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da na Jami'ar Jos. Can gaba akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Aminu Kano.

Ma'aikacin da ke Abuja zai iya rage wa iyalinsa zirga-zirga idan ya fara zuwa da kansa ya binciki ranar da sashen tiyatar ƙirji ke ganin marasa lafiya, kafin a taso majinyaci daga gida. A zo da hotunan kansu, a faifai ko a fim, domin likitan tiyata yana son ya gani da idonsa, takardar bayani kaɗai ba ta ishe shi ba.

Wa zai biya?

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Tsarin ma'aikatan tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba da ƙanne da ke gida ba sa ciki, kuma su ne galibi ake kiran waya dominsu.

Akwai ƙofofin da za a iya shigar da su. Ma'aikaci zai iya ƙara wani a matsayin ƙarin wanda yake ɗaukar nauyi ta hanyar biyan kuɗi, ko ya yi masa rajista a shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai, ko a Hukumar Inshorar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Ana jira na wani lokaci bayan rajista kafin kati ya fara aiki, saboda haka ranar lafiya ake yin ta.

Mai kati kuma ya san cewa ba a tsallake layi. Daga asibitin da ya zaɓa ake tura shi gaba, kuma sai kamfanin da ke kula da inshorarsa ya ba da lambar izini. A 2025 hukumar ta umarci waɗannan kamfanoni da su riƙa ba da lambar cikin sa'a ɗaya. A ƙa'idojin tsohuwar NHIS, hoton CT da MRI suna cikin abubuwan da ake biyan rabin kuɗinsu kawai, don haka yana da kyau a nemi bayani a rubuce kan abin da inshora za ta ɗauka, da wanda zai fito daga aljihu, musamman raga da ƙarfe da rini na musamman.

Bayan an sallamo

Kwanakin farko bayan aiki na numfashi ne. Majinyaci yakan ji tsoron tari saboda zafi, amma majinar da ta kwanta ita ke jawo ciwon huhu. Shi ya sa ake ba shi maganin zafi isasshe, a koya masa rungume matashi a kan ɗinkin idan zai yi tari, a tashe shi ya taka tun washegari. Motsa kafaɗar ɓangaren da aka yi aikin yana hana ta sandarewa. Wasu kan daɗe suna jin zugi ko dindiris a layin ɗinkin saboda jijiyar da aka taɓa, kuma akwai magungunan da ke rage shi.

Ma'aikacin ofis zai iya komawa teburinsa cikin 'yan makonni. Manomin doya ko ɗan dako kuwa sai ya haƙura da ɗaukar kaya mai nauyi na makonni shida zuwa takwas, fiye da haka ma idan an yanke haƙarƙari. Iyali su sa wannan a lissafi tun farko: kuɗin ƙwadagon wanda zai riƙe gona yana cikin kuɗin jinya, domin rashinsa ne ke sa majinyaci ya ɗage aiki har sai bayan girbi, ko ya koma gona ɗinki bai warke ba. Idan gwaji ya nuna ƙarin ba kansa ba ne, likita zai iya amincewa a daidaita ranar aikin da kakar noma. Idan akwai shakka, jira ba shi da wuri.

Zazzaɓi, ko haki mai ƙaruwa, ko ruwa daga ɗinki, ko sabon kumburi, kowannensu dalili ne na komawa asibiti a ranar. Rahoton gwajin nama da bayanin aikin da aka yi kuma a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye kwafi a gida, wani a hannun ɗan'uwan da ke Abuja, domin duk likitan da zai sake duba wannan ƙirji, ko bayan shekara goma ne, su zai fara tambaya.